Ƙafar Kawu da Bakin Goggo

Daga gida, ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Barkono,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da masu ciwon da kike wanke wa rauni a asibitin naku. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta ƙi yafe mini. Kwalin maganin Kawunki da kika ba direban motar siminti ya iso, kuma a hannunsa zan ba da wannan takarda. Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. A waya ba kya barin mutum ya kai aya. Tun kina ƙarama haka kike, shi ya sa ubanki, ɗan baffana, Allah ya ba shi hutawa, ya laƙaba miki Barkono.

Abin da ya sa na rubuto, Kawunki ne ya ce in gaya miki ki daina aiko da maganin sukari, ya warke.

Zauna ki ji kafin ki yi tsalle. Wani mai wa'azi ya zo ya kafa tanti a filin ƙwallo, kwana biyar. Ba ɗan cocinmu ba ne, Fastonmu ma bai leƙa ba. Rana ta huɗu Kawunki ya rufe rumfar gyaran takalminsa, ya ce in kama hannunsa mu je, tunda idon nan nasa ya yi hazo. Mai Tanti ya ɗora masa hannu, ya zube ƙasa, ya tashi yana cewa ya ji wani zafi ya bi jikinsa daga ka har tafin ƙafa. Aka kawo kwando gaban taro, aka ce duk wanda Ruhu ya sake shi, ya zo ya jefa igiyar da Shaiɗan ya ɗaure shi da ita. Wasu suka jefa sanduna, wasu tabarau. Kawunki ya zaro kwalbar ƙwayoyinsa daga aljihu ya jefa. Aka miƙa masa lasifika, ya shaida wa duniya cewa shekara tara yana ɗaure da igiyar Shaiɗan, yau an kwance shi.

Kafin Mai Tanti ya naɗe kayansa ya ja kunnen kowa. Ya ce wanda ya koma wa abin da ya jefa a kwando, ko ya ce warkarwar nan ba ta Allah ba ce, ya saɓi Ruhu Mai Tsarki ke nan. Kin kuwa san wannan shi ne zunubi ɗaya da ba a gafartawa, ba a nan duniya ba, ba a can ba.

Yau kwana ashirin ke nan. Ni dai ban ce uffan ba. Mutumin yana cin abinci, yana waƙa a rumfa, har maƙwabta suna zuwa kallonsa. Sai dai yana shan ruwa kamar raƙumi, kuma makon jiya ya taka ƙusa bai ji ba, sai da na ga jini a silifas ɗinsa. Ciwon ɗan ƙarami ne, a ƙarƙashin babban yatsa.

Abin da nake kewa kawai shi ne 'yar addu'ar nan tasa ta safe. Kin tuna yadda yake ɗora ƙwayar a tafin hannu ya ce, "Ubangiji, ƙarama ce, amma daga hannunka take, na gode," kafin ya haɗiye? Shekara tara ina jin ta kowace safiya kamar carar zakara, yanzu sai gidan ya yi mini shiru.

In za ki amsa, ki tuna ni ce idon Kawunki.

Goggonki


Daga wurin aiki, ranar Asabar

Goggo,

Na gaishe ki, na gai da gwiwa. Ni lafiyata ƙalau, ko in ce ƙalau nake har zuwa lokacin da direba ya miƙo mini takardarki a ƙofar asibiti. A tsaye na karanta ta, kuma har yanzu ban zauna ba.

Goggo, da girmanki da hankalinki? Kwana ashirin mutum bai sha maganinsa ba, kina zaune kina sauraron waƙa? Shan ruwan nan da kika mayar abin dariya, ciwon ne ya miƙe tsaye. Ƙusar da ya taka bai ji ba, jijiyoyin ƙafar ne suke mutuwa. Kin ce ciwon ɗan ƙarami ne. Duk wanda ke kwance a ɗakin da nake aiki, da ɗan ƙaramin ciwo ya fara. Akwai wani tela a gado na uku, tsinken tsintsiya ne ya soke shi, yau wandonsa ƙafa ɗaya a naɗe take da fil. Ni nake wanke dungulmin kowace safiya, ni na san warinsa.

Shi kuma wannan Mai Tanti, ina yake yanzu? Ya tara kwalaben tsofaffi a kwando, ya ɗaure musu baki da tsoro, ya yi gaba. In ƙafar Kawu ta ruɓe, shi zai zo ya wanke? Mutumin da zai raba mai ciwo da maganinsa, sannan ya toshe masa hanyar komowa, ni ba zan ɓoye miki ba. Abin da ya sauko wa Kawu a tantin nan ba Ruhu ba ne, aikin Shaiɗan ne tsagwaronsa.

Ga abin da za ki yi, kuma yau, ba gobe ba. Ki buɗe kwalin da na aiko, ki ba shi ƙwayarsa yadda ya saba. Ki tafasa ruwa da ɗan gishiri, ki bari ya huce, ki wanke ciwon safe da yamma, ki rufe da auduga da bandeji. Kada ya taka ƙasa ba takalmi. Ki kai shi asibiti a gwada jininsa, likita ya ga ƙafar da idonsa. Da zan samu hutu da na zo da kaina, amma mu biyu ne kawai a ɗakin wankin ciwo, ɗayar kuma cikinta ya tsufa.

Na yi manyan baƙaƙe kamar yadda kika nema, don kada ki wahalar da idonki.

'Yarki, Barkono


Daga gida, ranar Laraba

Barkono,

Na gaishe ki, don an koya mini gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda take. Motar siminti ta lalace a hanya, takardarki ta yi kwana goma sha biyu a aljihun direba kafin ta iso. Da ma can ta ruɓe a aljihun.

Wa ya tambaye ki manyan baƙaƙe? Na ce miki ni ce idon Kawunki. Yarinya mai takardar shaidar karatu, wannan ma sai an fassara miki? Duk abin da ya shigo gidan nan a rubuce, da bakina yake isa kunnensa. Tun shekarar da na tsallake masa layin da ke ɗauke da rasuwar ƙanensa, don ya gama cin abinci tukuna, ya gane, ya sa na ɗora hannu a kan Littafi na yi alkawari: a gabansa zan buɗe kowace takarda, ba zan riga shi dubawa ba, ba zan tsallake ko kalma ɗaya ba. Inda idona ya sauka, nan bakina yake sauka. Kin san da wannan, ko kuwa kin taɓa sani barkonon ya ƙone shi.

To, ga abin da kika jawo. Muna rumfa da la'asar, yana ɗinke wani takalmin makaranta, ni ina kan benci ina karantawa. Zancen raƙumi ya yi dariya. Zancen tela ya yi tsaki. Ina cikin gudu, ban ankara ba sai na ji muryata, tawa ta kaina, tana cewa abin da ya sauko masa ba Ruhu ba ne. Har na kai ƙarshen layin kafin hankalina ya cim ma bakina.

Basilla ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Ba ni na ce ba, takarda ce."

Ya ce, "Takarda tana da harshe? Daga bakin wa ya fito?"

Na ce, "Haba maigida, ai ka san karatu nake yi."

Ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, gam ɗin liƙa takalmi duk a yatsunsa, ya ce, "Shekara talatin da takwas ina roƙon Allah ya haɗa mu a can kamar yadda ya haɗa mu a nan. Yarinyar nan ta hallaka kanta, ta ja ki." Sai ya fashe da kuka a gaban titi, masu wucewa suna kallo.

Ashe gaskiya ne, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ke kina can kina shan iskar fanka, ni ce nan ake kallo kamar gawa mai tafiya. Ba ya faɗa da ni, da ma faɗan yake yi. Tausayina yake ji. In na kawo masa abinci sai ya bi ni da ido yana girgiza kai. Ya ce in ƙone takardar, ni kuwa ko taɓa ta tsoro nake ji. Na tura ta ƙarƙashin kwalin maganin a saman kabad, suna can tare, ba wanda aka buɗe.

Kuma bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ina jin tsoro. Shekara ashirin ni nake wanke ƙananan kofunan jibin Ubangiji, waɗanda ake sha da su a coci, kowace Asabar, kofi arba'in, ina goge su ɗaya-ɗaya. Ranar Lahadi da faranti ya iso gabana, hannuna ya ƙi miƙuwa. Na bar shi ya wuce. Matar da ke kusa da ni ta zungure ni, na yi kamar ina addu'a. Ba ni na ƙaga maganar ba, na sani. Amma magana zarar bunu ce, kuma daga rufin ɗakina aka zare ta.

Fasto ya zo, ya zauna a rumfa ya buɗe Littafi zai yi bayani. Kawunki ya ce masa, "Yaro, ni na ɗinke maka takalmin da ka fara zuwa makaranta da shi. Kai ba ka ji zafin da na ji ba." Bawan Allah ya rufe Littafinsa ya yi addu'a ya tafi.

Ƙafar kuwa ta kumbura. Kin san abin da ya yi? Ya farke takalminsa na zuwa coci, ya ƙara masa fata a gefe, ya ɗinke, ya goge, yadda ba mai ganewa. Gwanintar shekara arba'in ta ƙare a ɓoye kumburi. Ya ce gwaji ne, Shaiɗan ne yake so ya ga ko zai koma wa kwando. Wankin ruwan gishiri kawai ya yarda da shi, don ya ce ruwa ba magani ba ne. In na kwance tsumman, sai na kau da kai.

Ke mai ilimi, ki gaya mini, da wanda ya rubuta da wanda ya karanta, wa za a kama? Ya hana a ƙara karanta masa takardarki. In kina da abin faɗa, ki auna shi kafin ki sa mini a baki.

Goggo


Daga wurin aiki, ranar Juma'a

Goggona,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Lafiyata ƙalau. Har ga Allah na manta da alkawarin nan naki, na ɗauka idonki ne ya fara gajiya. Da na tuna, da na haɗiye rabin abin da na rubuta. Amma ke ma Goggo, layi ɗaya za ki ƙara ki ce "a gabansa zan karanta", biro zai ƙare ne?

Zancen wa za a kama, ba wanda zai kama ki. In an aiko ki da wuƙa a kube, kika zare ba ki san mece ce ba, ke kika ƙera ta? Ki koma ki sha kofinki. In akwai laifi, nawa ne, kuma ni da Allahna ne.

Yanzu ki ce wa Kawu takardar ban haƙuri ce, zai saurara. Daga nan zuwa ƙasa nasa ne, ki karanta masa da ƙarfi.

Kawu, na durƙusa. Na janye maganata a kan Mai Tanti. Ban san zuciyarsa ba, ban kuma san abin da ka ji a jikinka ba, ba ni da ikon sa masa suna. Amma ina da tambaya ɗaya, kai da ka fi ni sanin Littafi. An koya mana cewa saɓon da ba a gafartawa shi ne mutum ya ga aikin Allah ƙiri-ƙiri ya ce na Shaiɗan ne. To, lokacin da ciwon nan ya fara kayar da kai, aka ɗauke ka ranga-ranga daga rumfa, wa muka roƙa? Allah. Da me ya amsa? Da ƙwayar nan. Shekara tara kana ɗora ta a tafin hannu, kana cewa daga hannunsa take. Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba. Ita ta riƙe ka har ka aurar da 'ya'ya, ka ga jikoki. Ranar da aka kawo kwando, me aka kira ta? Igiyar Shaiɗan. To in ana neman inda aka kira kyautar Allah da sunan Shaiɗan, ba a takardata za a fara dubawa ba, Kawu, a bakin kwandon nan za a fara. Shan maganinka ba ƙaryata Ruhu ba ne. Ka buɗe kwalin, ka bar Goggo ta kai ka asibiti.

Goggo, na san wannan zai shige shi, don Kawu mutum ne mai bin hujja. Ki rubuto mini da zarar ya haɗiye ta farko. Ki duba yatsan da kyau, in ya fara sauya launi kada ki jira komai.

Barkono


Daga gida, ranar Talata

Barkono,

Gaisuwa. Ba ni da lokacin gwiwa.

Ya shige shi, kamar yadda kika ce. Sannu da aiki, lauya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na karanta masa har ƙarshe. Sannan ya ce, "Yarinyar nan ta yi gaskiya." Zuciyata ta yi fari, har na miƙe zan sauko da kwali. Sai na ji ya ce, "Ashe ni ne. Ita a takarda ta yi, ke a karatu kika yi. Ni kuwa a lasifika na yi, gaban mutum ɗari biyar, da hankalina, da murnata. Shekara tara yana ba ni a hannu, na tashi na ce na Shaiɗan ne."

Kin ga inda hujjarki ta kai mu? An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da yana tsoron kada ya yi saɓon, yanzu ya tabbata ya riga ya yi. In ya ce warkarwar ƙarya ce, ya saɓa. In ya ce gaskiya ce, ya zagi ƙwayar Allah. Ya ce ko ta ina ya juya ƙofa a rufe take.

Kwana shida ke nan rumfa a kulle. Masu takalma suna zuwa suna bugawa, ina ba su haƙuri ta taga. Yana kwance ya juya wa duniya baya, fuskarsa a bango. Ba ya waƙa, ba ya addu'ar abinci, Lahadi bai je coci ba. Na ce to tunda ka yarda ƙwayar ta Allah ce, sha mana. Ya ce, "Wa yake sa sabuwar dunduniya a takalmin da za a jefar?"

Babban yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara bin sa. Ɗakin yana wari, ina kunna turare ina jin kunyar maƙwabta.

Ke kullum sai kin ci gardama. Tun kina 'yar mitsitsiya, in aka ce ki yi shiru sai kin ƙara ɗaya. Kin ci wannan ma, ki dafa ki cinye. Ina fushi da ke, ina fushi da Mai Tanti, ina fushi da wannan tsoho mai taurin kai, ina fushi da bakina. Kada ki sake rubuto mini. Ba ni da sauran abin da zan karanta wa kowa.

Goggo


Daga wurin aiki, ranar Lahadi

Goggo,

Ina gaisuwa. Kin ce kada in rubuto, na yi biyayya kwana goma sha tara, na gaji. Na kira wayarki ya fi a ƙirga, a kashe. Direba ya ce ya tarar da gida a rufe, rumfa a rufe, maƙwabciya ta ce kun fita, ba ta san ina ba. Wannan wane irin horo ne? Ko kare aka daka ana barinsa ya san ko maigidan yana da rai.

Na nemi hutu sau biyu, shugabarmu ta ce sai abokiyar aikina ta dawo daga haihuwa. Jiya ina wanke ƙafar telan nan hawaye suka zubo mini, har shi mai ciwon ya koma ba ni haƙuri.

Ba ni da hujja yau. Na auna kowace kalma a takardar nan, ba abin da zai ƙone miki baki. Ki ce wa Kawu yarinyar da ya yi wa takalmin baftisma ja, don ta ƙi fari, tana kuka tana neman gafararsa. Ki rubuto mini ko layi ɗaya ne. Yana da rai? Ƙafar tana nan?

Barkono


Daga gida, ranar Alhamis

'Yata Barkono,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji mai jinƙai. Gwiwa ta ƙara lalacewa da hawan benen asibiti, amma ba ita ce labari ba. Yana da rai. Share hawayenki ki daina kunyata mu a gaban tela. Waya kuwa ta faɗa bokitin wanki tun makon farko, ba horo ba ne, ko da yake kin cancanta.

Kwana biyu bayan takardata ta ƙarshe, da safe, na shiga da ruwan gishiri na kwance tsumman, na ga abin da na gani. Sai wani fushi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Na taka kujera da wannan gwiwar, na sauko da kwalinki daga saman kabad, na yage shi da haƙori. Na tsaya a kansa na ce, "Tashi."

Bai motsa ba.

Na ce, "Tashi ka ji. Ka ce ni na hallaka don na karanta. Ka ce kai ka hallaka don ka yi shaida. To shi ke nan, addu'arka ta karɓu, an haɗa mu a can, tafiyarmu ɗaya. Amma ka sani, ni ba zan goya ka zuwa wuta ba, gwiwata ba za ta iya ba. In can za mu, da ƙafarka za ka je. Buɗe hannu."

Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Matar nan, kin haukace."

Na ce, "Ai mai hallaka ba ta da sauran abin tsoro. Buɗe hannu na ce."

Ban sani ba ko dariya ce ta so kama shi, ko gajiya ce, ya dai tashi zaune ya buɗe tafin hannunsa. Na ɗora masa ƙwaya, na miƙa masa kofin ruwa. Ya ɗaga hannun zuwa baki. Sai na ji, can ƙasa-ƙasa, "Ubangiji, ƙarama ce, amma daga hannunka take..." Ya tsaya cak, bai ƙarasa ba. Idonsa ya fito waje kamar wanda ya ji baƙo ya yi magana a ɗakin.

Na ce, "Wa ya sa maka wannan a baki?"

Ya sauke hannun a kan cinyarsa.

Na ce, "Ina tambayarka. Ni dai ban karanta maka ba. Barkono ba ta rubuto ba. Mai Tanti ya yi gaba da tantinsa. Ka ce an rufe maka ƙofa, Ruhu ya bar ka, ko addu'ar abinci ba ka da ikon yi. To wane ne wannan yake gode wa Allah da bakinka?"

Ya dubi ƙwayar, ya dube ni. Ya ce, "Bai tafi ba?"

Na ce, "Ni ka tambaya? Kai ka ji shi."

Barkono, kukan da ya yi a rumfa wasa ne. Ni ma na zauna a bakin gado na taya shi, don tambayar da na yi masa ta amsa tawa. Da ya natsu ya ƙarasa addu'ar, har "na gode", ya haɗiye. Sannan ya ce in nemo mota.

Ƙwaya ɗaya ba ta ta da matacce, ke kin fi ni sani. Likita ya kwance ƙafar ya yi mana faɗa kamar ya samu yara. An cire babban yatsan da na kusa da shi. Ya ce da mun ƙara mako guda, daga ƙasan gwiwa za a yanke. Kwana goma sha shida muka yi a can. Mutumin da ya shekara arba'in yana huda fata da basilla, in ya ga allura sai ya runtse ido ya kama zanina. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Fasto ya zo duba shi. Wannan karon Kawunki ya bar shi ya yi magana. Fasto ya ce masa mai wancan saɓon ba ya kwana takwas yana kuka a kansa, don zuciyarsa ta riga ta zama dutse, ko a jikinsa. Da ya tafi Kawunki ya ce, "Yaron nan ya fara iya wa'azi." Zancen zafin da ya ji a tanti kuwa, ya ce bai san mene ne ba, ya bar wa Allah, ba zai sa masa suna ba. Ke ma ki bar shi haka, kada in ji kin ƙara ɗaya.

Asabar da ta wuce na wanke kofuna arba'in. Ranar Lahadi na sha ɗaya.

Takardarki ta ƙarshe na karanta masa a gabansa, ban tsallake komai ba. Ya ce ya tuna jan takalmin, ya ce har yau bai ga ƙafa mai gardama irin taki ba, ya ce ya yafe, ke ma ki yafe masa.

Jiya ya sa na buɗe rumfa. Ko bandeji ba a gama cirewa ba, amma wai zai yi wa gajeriyar ƙafar takalmin da ya dace da ita, mai laushi daga ciki, yadda likita ya ce. Ya nemi takardar da zai zana ƙafar a kai, ban samu ba, sai ya ce in ɗauko waccan ta saman kabad, mai manyan baƙaƙe. Na ce ka tabbata? Ya ce takarda ce, ba ta da harshe. Ya taka bayanta, na zagaya masa ƙafar da fensir, ya sa almakashi ya yanke yana lalube da yatsa. Da na juya abin da ya fitar, zancen ruwan gishiri da bandeji yana ciki. Layin nan kuwa da ya ce ba Ruhu ba ne, ya faɗa a gefen da almakashi ya zubar, daidai inda yatsun biyu za su kasance. Na share shi tare da guntayen fata na kai shara.

Kwalbar ta kusa rabi. Ki ba direba wata.

Goggonki